An mayar da ni Abuja kuma ni kaɗai ce: wace unguwa zan kama haya?

Nafisa Gwale: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san Abuja. An yi min canjin wurin aiki daga Kano zuwa hedikwatarmu, zan kama aiki farkon wata mai kamawa. Ofis ɗin yana tsakiyar birni, kusa da Sakatariyar Tarayya. Ana shiga ƙarfe 8, tashi kuwa a takarda ƙarfe 4 ne, amma mu 'yan sashen kuɗi in wata ya zo ƙarshe sai mu kai magariba. Ba ni da aure, ba ni da mota. Abin da ke hannuna gaba ɗaya naira miliyan 1.6 ne, har da kuɗin dillali. Makon jiya na je na yi kwana uku, dillali ya nuna min wuri uku. Ɗaki biyu da falo a Mararraba, sabon gini, dubu 800. Ciki da falo a Kubwa, miliyan 1.2. Sai boskwata ɗaki ɗaya a Gwarimpa, shi ma miliyan 1.2, amma ɗakin in kika sa katifa da durowa ya cika. Raina ya fi kwanciya da na Mararraba saboda faɗi da sauƙin kuɗi, ga ƙanwar babana a Masaka. Abba ya amince in tafi, amma ya ce sai ya san inda zan zauna da irin mutanen gidan. Ya kuke gani?

Sani Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri ƙanwata. Kafin in ce komai, wace rana dillalin ya kai ki Mararraba, kuma ƙarfe nawa?

Nafisa Gwale: Ranar Asabar ne Yaya, wajen ƙarfe 11 na safe. Ko minti 30 ba mu yi a hanya ba.

Sani Ɗan Birni: To ba ki ga Mararraba ba tukuna. Shekara bakwai na yi a can ina aiki a Garki, don haka abin da na sha nake gaya miki. Titi ɗaya tal ne ke ɗaukar mutanen Keffi, Masaka, Ado, Mararraba, Karu, Nyanya, har da na Jikwoyi da Kurudu, ga matafiyan Jos da Lafiya da Makurɗi, kowa sai ya bi ta gadar Nyanya ya haura Kugbo ya faɗa mahaɗar AYA. Ni ƙarfe 5 da kwata nake fita. Sau da yawa sallar asuba a masallacin bakin ofis nake yin ta, don in na tsaya na yi a unguwa na fito 6 saura, to sai 8 da rabi. Da yamma haka. Tun bayan harin bam na tashar Nyanya a watan Afrilun 2014, duk sanda aka tsaurara bincike a wajen Kugbo, sai ki ga mutane sun sauka daga mota suna takawa a ƙasa, mata da takalma a hannu. Akwai shekarar da ɗiyata ta fara tafiya, matata ce ta ba ni labari, don ina fita tana barci, ina dawowa ta yi barci. Ni namiji ne da ake ajiye wa abinci a kula. Ke kuwa in kin dawo ƙarfe 9 na dare ke za ki kunna risho, ke za ki yi wanki, ke za ki goge kayan gobe. Dubu 400 ɗin da kike ganin kin rage, ki lissafa kuɗin mota na shekara tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ki ga abin da zai saura.

Ɗan Masaka: Haba Yaya Sani, kada a tsorata yarinya. Dubban mutane ke zaune a nan suna zuwa aiki kullum, ba su mutu ba. Kuma a faɗi alherin wurin. Cefanen da za ta yi da dubu biyar a kasuwar Mararraba, a Wuse ko rabinsa ba za ta samu ba. Ga 'yan'uwa Hausawa ko'ina, ga masallatai, ga islamiyya, ga mai fura da mai tuwo. Ga gwaggonta kusa. In ta yi zazzaɓi cikin dare wa zai kai ta asibiti a Gwarimpa? Can kowa ya rufe get ɗinsa, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba.

Sani Ɗan Birni: Gaskiya ka faɗa kan cefane, ban musa ba. Amma kai shagonka yana Masaka, ba ka tsallaka gadar nan sau biyu a rana.

Malam Habu: Ni tambayata ta sha bamban. Tunda akwai ƙanwar mahaifinki, me ya kawo maganar kama haya? 'Ya mace budurwa ta zauna ita kaɗai a garin da ba a san ta ba, ko da ta fi kowa kamun kai, bakin mutane ba ya barin ta. Ki zauna gidan gwaggonki ki riƙa taimaka musu da abin cefane, kuɗinki kuma ki adana. Wahalar hanya ta fi sauƙi a kan a ɓata miki suna. Kuma gobe in Allah ya kawo mai neman aure, ina zai je ya gaishe da manya? Ɗakin haya?

Nafisa Gwale: Na gode Malam, wallahi Abba ma da haka ya fara. Amma gidan Gwaggo ɗaki biyu ne, yara shida, ga surukarta. Kwana ukun da na yi a falo na kwana tare da yara, su ma na takura su. Kuma Masaka ta fi Mararraba nisa. Ita da kanta ta kira Abba ta ce a nema min wuri, za ta riƙa leƙo ni.

Anti Bilki: Malam, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma bari mu da muka bi hanyar nan mu ce wani abu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na zo garin nan shekara tara da suka wuce bayan aurena ya mutu. Gida huɗu aka hana ni. Ɗaya har na biya kuɗin dubawa, mai gidan ya fito ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya ce ina mijin? Na ce babu. Ya juya ya ce wa dillali ba ya ba mace mara aure. Ko sunana bai tambaya ba, balle aikina. Na koma bakin titi na zauna a kan wani dutse na yi kuka sosai. Daga nan dillalin ya ba ni shawara in zo da wani namiji a ce mijina ne yana aiki a wani gari. Na kawo ɗan yayata muka yi hakan, aka ba ni gida. Nafisa, kada ki yarda a sa ki yi wannan. Shekara biyu na yi ina ƙarya kullum. Matan gidan suna tambaya yaushe maigida zai zo, ina ƙirƙiro uzuri. Da wani mutumin kirki ya fito neman aurena ya zo sau biyu, sai aka fara cewa matar aure tana kawo maza. Ƙaryar da na yi don in tsare mutuncina ita ta kusa zubar min da shi. Da na tashi sake gida, sai na sa kawuna ya zo tun daga Zariya, ya zauna da mai gidan, ya ce wannan 'yata ce, ga aikinta, tana dutin dare, ga lambata, duk abin da ka gani ka kira ni. Yau shekara shida ina gidan. Maganar mai neman aure kuwa, ba a ɗakinki za ki karɓe shi ba. Gidan Gwaggo yana nan, ranar Asabar ko Lahadi can za a aika shi.

Malam Habu: In dai uba zai zo da ƙafarsa ya damƙa ta amana a hannun mai gida, kuma gidan na iyali ne, to wannan da dama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne irin gidajen nan masu ɗakuna ashirin a jere, samari da 'yan mata kowa da mukullinsa, babu babba.

Hajiya Maman Khalil: Ni ina da boskwata da nake bayarwa, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Ba ƙiyayya ce ke sa wasu ƙin mara aure ba, tsoron abin da ba ka sani ba ne. Kuma ba mata kaɗai ba, ni gwauro namiji ma na fi jin tsoronsa, don shi abokai zai tara min a gida har tsakar dare ana kallon ƙwallo. Wadda ke wurina yanzu 'yar Gombe ce, mahaifiyarta ta kawo ta. Tun ranar farko na gaya mata ƙarfe 10 ake rufe get, in aiki zai riƙe ta ta kira ni. Da azumi tare muke buɗa baki. Amma ki sani 'yata, zaman boskwata zama ne a ƙarƙashin idon mutane. In ba za ki iya jure a tambaye ki ina za ki ba, kada ki shiga.

Anti Bilki: Hajiya ta taɓo wurin. Nafisa, a na Gwarimpa wa kika gani, mijin ko matar?

Nafisa Gwale: Maigadi ne kawai ya buɗe mana, Anti.

Anti Bilki: To ki koma ki ga matar gidan. Mijin ne zai karɓi kuɗi, amma da ita za ki zauna. Ki gaishe ta, ki ɗan zauna, ki lura da yadda take magana da 'yar aikinta. Yadda take yi da yarinyar nan, haka za ta yi da ke in sabo ya shiga. Ki kuma tambaya me ya tashi wanda ya zauna kafin ke. In aka fara kame-kame, kin samu amsa.

Injiniya Kabiru: Ni fannin gini nake, zan yi magana kan abin da ido ba ya gani ranar farko. Ruwa tukuna. Ruwan famfon birnin daga madatsar Usuma yake zuwa, ta wajen Bwari, amma ba kowane layi yake kaiwa ba. A Kubwa za ki ga layi ɗaya da ruwan gwamnati, na bayansa sai rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa. Kada ki tambayi dillali, zai ce akwai. Ki tsaya a bakin layin ki duba, in kin ga kurar 'yan garuwa na shiga da fita da jarkoki, kin gane. Ki shiga banɗaki ki murɗa famfo da hannunki. Sai wuta. Ki tabbatar ɗakin yana da mitarsa ta kati shi kaɗai. In mita ɗaya ake rabawa da babban gida, za ki riƙa biyan kuɗin na'urar sanyaya ɗakin wasu ke da fanka ɗaya. Ki tambaya kuma wane rukuni layin yake, don tun Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin wuta, masu samun wuta sosai suna biya sosai. Sannan tunda yanzu rani ne, ki duba gindin katanga ta waje da bayan gida. Ruwa in ya taɓa kwanciya yana barin zane, fenti sabo ba ya ɓoye shi duka. Wasu sassan Lugbe da Lokogoma kowa ya ga yadda ambaliya ta yi musu, gidaje masu kyau ne a ido amma a kan hanyar ruwa aka gina su. Na ƙarshe, gida mai arha fiye da kima a ƙauyukan da ke cikin birni, ki bincika takardunsa. Waɗanda suka ga rusau na zamanin El-Rufa'i yana minista, daga 2003 zuwa 2007, sun san mai haya ne ke fara kwana a waje, kuma har yau ba a daina rusau ba. In kin ga jan fenti da alamar gicciye a bangon maƙwabta, ki juya.

Nafisa Gwale: Allah ya saka da alheri Injiniya. Wallahi ko famfo ɗaya ban murɗa ba, tayil da silin kawai na tsaya kallo.

Zainab Lugbe: Ni abin da ya fi damuna a maganarki shi ne "sai mu kai magariba" da "ba ni da mota". Ki auna unguwa da yadda za ki koma gida ƙarfe 8 na dare, ba da yadda za ki fita da safe ba. An hana acaɓa a cikin birni tun 2006, keke ma ba ya shiga tsakiyar gari, don haka tasi ce ta haɗaka, a tsaya a bakin titi a Sakatariya ko Berger ko Eriya 1. A nan 'yan wan-cans, wato ɓarayi masu fakewa da motar haya, suke farauta. Wata abokiyar aikina ta shiga mota da mutum uku a ciki har da mace, ta ɗauka fasinjoji ne. Suka karɓe waya, suka zaga da ita suna cire kuɗi da katinta, suka yar da ita a gefen titi da daddare. Allah ya tsare ranta amma wata biyu ba ta iya shiga mota ita kaɗai ba. Tun daga nan ni tasha nake zuwa inda ake lodi da 'yan ƙungiya, ko da zan ƙara jira. Duk unguwar da sai kin canza mota uku kafin ki isa, kin ninka haɗarinki uku. Kuma ki duba tazarar da ke tsakanin inda mota za ta sauke ki da ƙofar gidan. Akwai haske? Akwai masu shago da mai shayi da ke kaiwa dare? Ni mai shayin bakin layinmu ya san lokacin dawowata, ran da na makara har yaronsa yake turowa ya raka ni get.

Sani Ɗan Birni: Ƙwarai. Kuma ki yi tambaya a ofis, da wuya a rasa wanda ke zaune ɓangarenku mai mota. A haɗa kuɗin mai a riƙa tafiya tare, haka yawancinmu muke yi.

Abban Kubwa: Ni ina goyon bayan Kubwa, kuma dalilina na 'yar Kano ne. Titin Kubwa faɗi gare shi, ko an yi cunkoso yana motsi, ba kamar na Nyanya ba. Kuma kina bakin hanyar gida. Ranar Juma'a kin tashi aiki, Zuba na nan gabanki, sai Kaduna, sai Zariya, sai Kano. In kina son jirgin ƙasa, akwai tasha a Kubwa, ki sauka Rigasa ki hau mota. Wanda ke Mararraba sai ya ratsa birnin gaba ɗaya kafin ya fara tafiya. Ga babban asibiti, ga kasuwa, ga Dei-Dei kusa. Amma Kubwa suna ne ɗaya, gari ne guda. Wane ɓangare aka nuna miki? Kusa da babban titi daban, can ciki wajen Byazhin daban. Na ciki kafin ki fito bakin titi ma kin ci minti 20 a kan babur. Gidajen da ke ƙarshen gari a gindin duwatsu kuwa, tun sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari farkon 2024 ba na ba kowa shawarar su, balle mace ita kaɗai.

Nafisa Gwale: Gaskiya mun yi tafiya sosai bayan mun bar kwalta, kuma akwai dutse a bayan gidan. Ban riƙe sunan wurin ba.

Abban Kubwa: To ki tambaya kafin ki biya ko sisi.

Injiniya Kabiru: Wani abu kuma, lissafinki. Miliyan 1.2 ba miliyan 1.2 ba ce. Dillali zai karɓi kashi 10, a ce lauya ma kashi 10, ga kuɗin ajiya na ɓarna, in rukunin gidaje ne ga kuɗin maigadi da kwasar shara. Kafin ki ankara kin haura miliyan ɗaya da rabi, ba katifa ba tukunyar gas. Ana ragewa in kin yi ciniki, musamman na lauyan. Kuma kada ki tura wa dillali kuɗin haya a asusunsa. Ki ga mai gida ido da ido, sunan da ke kan takardar yarjejeniya shi ne sunan asusun, a ba ki rasit.

Ɗan Masaka: Kun ga dai abin da nake faɗa. Za ta zuba duk abin da ta tara a ɗakin da ko baƙuwa ba za ta iya saukewa ba. In mahaifiyarta ta zo duba ta ina za ta kwana?

Anti Bilki: A katifa ɗaya da 'yarta, kamar yadda tawa take yi. Mama sau biyu za ta zo a shekara, aiki kuwa kwana biyar ne a mako.

Sani Ɗan Birni: Ƙanwata, ga abin da zan roƙe ki. Kada ki ɗauki maganata ko ta Ɗan Masaka. Ki dawo ranar Lahadi ki kwana gidan Gwaggo. Litinin ki fita daidai lokacin da za ki riƙa fita, ki tsaya a bakin gidan Mararraba, ki duba agogo, ki hau motar haya zuwa Sakatariya. Talata ki yi na Kubwa, Laraba na Gwarimpa. Da yamma ki koma kowanne bayan magariba, da ɗan Gwaggo ya raka ki. Kuɗin motar kwana uku ba zai kai asarar hayar shekara ba.

Nafisa Gwale: In sha Allah haka zan yi. Na gode muku gaba ɗaya, zan dawo da labari.

Nafisa Gwale: Salam jama'a, na dawo kamar yadda na yi alkawari, ku yi haƙuri kwana goma sha biyu shiru. Na yi gwajin Yaya Sani. Litinin na tsaya bakin titi a Mararraba ƙarfe 6 da minti 10, kafin in samu mota ma an yi kokawa, wata mata ta ja min mayafi har ya yage. Na isa Sakatariya 8 da minti 25. Na Kubwa ashe can ciki ne kamar yadda Abban Kubwa ya zata, kuma da na murɗa famfo iska ce ta fito, maƙwabciya ta ce wata uku ke nan injin burtsatsen ya lalace. Na nemi wani kusa da titi, abin ya fi ƙarfina. Gwarimpa keke ɗaya na hau zuwa bakin titi, mota ɗaya zuwa ofis, minti 40. Na ga matar gidan, tsohuwar malamar makaranta ce 'yar Bida, tana jin Hausa sosai. Ina zaune 'yar aikinta ta fasa kofi, sai ta ce mata ta kula da ƙafarta kada ta taka, ba ta ƙara komai ba. Wadda ta tashi daga ɗakin aure ta yi, har hoton bikin ta nuna min a waya. Abba ya zo ranar Asabar, suka yi sallar azahar tare da maigidan a masallacin layin, suka daɗe suna magana, ban san me suka tattauna ba, amma da ya fito ya ce in biya. An yafe min kuɗin lauya, mita kuma tawa ce ni kaɗai. Ɗakin dai ƙarami ne, ban fasa faɗa ba, akwatuna biyu na mayar Kano.

Malam Habu: Alhamdu lillahi. Tunda mahaifinki ya gani ya yarda, Allah ya sa albarka. Ki riƙe zuwa gidan gwaggonki duk ƙarshen mako.

Ɗan Masaka: Allah ya sanya alheri. Ni dai har yanzu ina ganin kuɗin ya yi yawa a kan ɗaki ɗaya. In kin zo gaishe da Gwaggo ki riƙa yin cefanenki a nan kafin ki koma.

Nafisa Gwale: Amin, na gode Malam, na gode Yaya. Zan yi hakan. Anti Bilki, saura min dubu 190. Tukunyar gas da ƙaramin firji na hannu nake so, wanne zan fara saya?

Anti Bilki: Gas da fanka mai caji tukuna, zafin watan Maris na nan tafe. Firji ki bari sai albashi ya shigo, kafin nan ki roƙi matar gidan ta ba ki gefe a nata. Ki turo min saƙo ta ciki, ranar Alhamis ba ni da duti, sai in raka ki kasuwa.